Lallen Yalwa da Tamburan Gurzale

A zamanin Sarki Mazadu, wanda ya riƙe Birnin Gurzale shekara talatin da ɗaya, akwai wata al'ada a fadarsa wadda ko tsofaffin gari ba su san wanda ya kafa ta ba. Duk 'yar gidan sarauta da ta isa mace, ba ta shiga sahun matan fada sai an yi mata abin da suke kira fitar zaure. A ƙunsa mata lalle hannu biyu, a sa mata fararen kaya, ta ratsa babban zauren Sarki tun daga ƙofa har gaban karaga, manyan gari na zaune dama da hagu suna kallo. Daga ranar ta sami wurin zama a bayan Magajiya, yayar Sarki. Kuma da yake a wurinsu yarinyar baƙuwar fada ce, kuma ba a zubar da jini alhali akwai baƙo a gida, sai a naɗe tamburan yaƙi da farin ƙyalle. Ba mai buga su, ba rundunar da za ta fita ƙofar gari, har sai jan lallen ya bar tafin hannunta. Lallen Gurzale kuwa, a bar shi kawai, yakan yi kwana goma sha biyar bai ko dusashe ba.

Yalwa 'yar Barde Tunau tun tana ƙarama ba ta da wani buri sai wannan rana. Ko ɗiban ruwa aka aike ta, tafiyar zaure take gwadawa, a hankali, kai a sunkuye, har 'yan gidansu suka gaji da yi mata dariya. Da ma bayan kaka aka sa mata rana, lokacin da ubanta zai dawo daga gadin Mashigin Dorina, inda ƙasar Gurzale ta yi iyaka da ta abokan gabarta, Tandakawa. Amma sai Galadima Duna ya tako gidan da ƙafarsa, ya ce masu duba sun ga bazara ta fi alheri, a jawo ranar kusa. Yalwa har rawa ta taka don murna. Yarinta kenan, ina ruwanta da dalili!

Da hantsin ranar, Iya Marfa ta zauna kwance mata ƙunshi. Iya Marfa wata tsohuwa ce ja jawur, mai idanu irin na kyanwa. An ce daga ƙasar Maskobawa, can arewacin duniya, aka kamo ta tana budurwa, ta bi ta Santambul, ta bi ta Tarabulus, daga wannan hannu zuwa wancan, har wani Balarabe ya bar ta a gidan Barde. Ita ta goyi Yalwa tun da uwarta ta rasu. Ta zare zunguru, ta ɓare busasshen lallen, sai ga tafin hannu ja wur kamar an yanka gauta.

“Kai, ya kama,” in ji tsohuwar, da karyayyar Hausarta da shekara arba'in ba ta miƙar ba. “'Yar nan, a ƙasarmu, can inda kogi ke daskarewa har doki ya bi ta kansa, na yi aiki a gidan wani babba. Can ma ana fito da 'yan mata haka. Fararen kaya, fitilu ba iyaka, a yi ta juyawa bibbiyu har ƙafa ta gaji. Irin yarinyar nan muna ce mata dabutantika.”

Yalwa ta gwada faɗi, harshenta ya harɗe, suka tuntsire da dariya su biyu.

“Ke ma an fito da ke, Iya?”

“Ni? Wane ni! Ni mai riƙe mayafi ce a bakin ƙofa, leƙe kawai nake yi. Amma yau Allah ya nuna mini na ƙunsa wa tawa.” Ta share ido da bakin zane, tana faɗin wai hayaƙin turare ne ya dame ta.

A hanyar fada Yalwa ta ɗaga kai, ta ga shamuwa sun zo da yawa, suna ta kewaya rimin ƙofar fada, amma ko ɗaya ba ta sauka ba. Tsofaffi suka yi ta duban juna suna jinjina kai. Ita dai kyau abin ya yi mata.

Shigarta zaure kuwa, har ta tsufa ba ta iya ba da labarinsa daidai ba. Ta san dai an ɗaga labule, sanyi ya buge ta, ƙamshin turare ya cika mata ƙirji. Haske na saukowa ta 'yan tagogin sama, tsaye kamar igiyoyi, rawuna farare sun jeru dama da hagu, algaita na tashi can ƙasa-ƙasa kamar daga wani gari. Ba ta ji ƙafarta na taɓa ƙasa ba. Wuri ɗaya kawai ta gani sarai, buzun ubanta a sahun dama, ba kowa a kai. Ta isa gaban karaga, ta durƙusa, ta buɗe tafukanta.

Sarki Mazadu ya duba, ya ce, “Mun ga ja. Baƙuwa ta sauka a gidanmu. A kwantar da tambura.”

Aka naɗe tambura huɗu da farin ƙyalle a gaban idon kowa. Magajiya ta jawo ta, ta zaunar da ita a bayanta. Wallahi daɗin da Yalwa ta ji a lokacin, da an ce ta mutu a nan ba za ta yi musu ba.

Ba ta gama gyara zama ba aka ji hayaniya a ƙofa. Dogarai suka shigo da wani dattijo a tallafe, laka har cinya, leɓe duk ya tsage. Yalwa ta gane shi, Manzo Arzika ne, amintaccen ubanta. Ya zube ya yi gaisuwa.

“Allah ya ja zamanin Zaki. Tandakawa sun taso, sun fi dubu uku, sun sauka a hayin Mashigin Dorina. Kogi ya janye, ruwa bai wuce gwiwa ba. Barde na da mutum ɗari biyu. Kibiyoyinsa za su kai shi kwana huɗu, in an yi tsimi, biyar.”

Duk ido ya koma kan tamburan da aka naɗe.

“Da sauran saƙo?” in ji Sarki.

Arzika ya saci kallon Yalwa. “Ranka ya daɗe, Barde ya san yau ce fitar 'yarsa. Ya ce in faɗa don fada ta sani, ba don a kawo masa ɗauki ba. Ya ce kada a ɓata wa yarinya rana saboda shi. Zai riƙe mashigi har lallenta ya goge, in Allah ya so. In bai so ba, a tsare ganuwa.”

Madawaki, shugaban mayaƙa, ya miƙe gwiwa biyu, jijiyar wuyansa ta tashi. “Zaki, ka yi mini izini. Kwana goma sha biyar ake maganar lalle, kwana huɗu ake maganar kibiya. Barde namiji ne, amma ba dutse ba ne. In mashigi ya faɗi, gonakinmu da garuruwan gabas sun tafi, kuma za mu sha ruwa da izinin Tandakawa. A kwance tambura yau, in akwai alhaki ni na ɗauka.”

Galadima Duna ya gyara amawali, ya yi magana a hankali, da muryar nan tasa mai santsi. “Allah ya ƙara wa Sarki nasara. Madawaki ya yi maganar maza, ba wanda zai raina ta. Amma ba kibiya ce ta tsare birnin nan tun kaka da kakanni ba. Sarki Mazadu shi ne na goma sha tara a kan wannan karaga, kuma a cikin sha takwas da suka gabace shi ba wanda ya buga tambari a kan jan lalle. Rundunar da ta fita da saɓon al'ada, da wace zuciya za ta tsaya? Kun ga shamuwa da safe sun ƙi sauka. Gargaɗi ne. Barde da bakinsa ya ce a bari. Mu wa, da za mu fi shi son kansa?”

Aka yi ta kai da kawo har rana ta take tsaka. Wasu na bayan Madawaki, mafi yawa na bayan Galadima, don tsoron al'ada ya fi tsoron mashi ƙarfi a zukatan tsofaffin nan. Daga ƙarshe Sarki ya ɗaga hannu, fuskarsa kamar ya shekara yana ciwo.

“Tunau abokin wasana ne tun muna yara. Amma ba ni na ɗaura ƙyallen nan ba, kuma ba ni zan kwance shi ba. A ƙarfafa ganuwa. Fada ta tashi.”

Yalwa na zaune, hannuwanta a cinya. Jan da ta wuni tana sha'awa ya koma ba ta tsoro. Sai a lokacin ta tuna zuwan Galadima gidansu, da yadda ya nace a jawo rana zuwa bazara, daidai lokacin da kogi ke janyewa. Ashe ba don ita aka yi ba, da ita aka ɗaure gari.

A soron ciki ta tare Magajiya, ta durƙusa. “Ranki ya daɗe, ke ce mai riƙe da al'adar nan. Babu wata ƙofa?”

Magajiya ta daɗe tana kallonta. “Akwai guda ɗaya, amma ba a taɓa bi ta cikinta ba. Idan yarinya ta ɓata lallenta da hannunta kafin lokaci, fitarta ta rushe, kamar ba a yi ba. Tambura su tashi. Ita kuwa ba ta ƙara taka zauren nan har ta mutu, ko da ƙafa ɗaya. Ba a sake ƙunsa mata, ba a sake kiranta. Ban ce ki yi ba, 'yar Barde. Tambayata kika yi, na faɗa miki.”

Da ta isa gida ta ce wa Iya Marfa ta kawo lemon tsami da toka. Tsohuwa ta gane nan take, ta ɗora hannu a ka.

“Haba 'yar nan! Ubanki ya ce a bari. Ni na san bakin ƙofa, na shekara sittin a bakin ƙofa, ba wurin zama ba ne. Kin shiga fa, kin riga kin shiga!”

“Iya, kawo.”

Ta kawo tana kuka. Suka dirza da lemo, suka dirza da toka, suka ƙara da kanwa da dutsen goge kaushi, har fata ta soma ɗayewa. Ina! Jan nan sai ƙara fitowa yake, kamar da gayya. Iya Marfa ta zauna daɓas, ta ce, “Laifina ne, sau uku na maimaita miki shi don ya fi na kowa.”

Yalwa ta dubi fararen kayanta, ta dubi wani shuɗin zane da ke shanye a igiya. Ta miƙe, ta fita, tsohuwa na bin ta tana ɗingishi.

Karofi, wurin rini, yana can bayan kasuwa, inda 'yar sarauta ba ta taɓa zuwa ba. La'asar ta yi sanyi, rijiyoyin baba sun jeru, kumfa na kwance a kansu, shuɗi da ja-ja, warin ya cika wurin. Marina suka saki muciyoyinsu suka tsaya kallon ikon Allah. Sarkin Marina ya taso da sauri, yana ta goge hannu a jikin warkinsa.

“Uwar ɗakina, lafiya? Nan ba wurinki ba ne, kayanki za su ɓaci.”

“Baba, wace rijiya ta fi kamawa?”

Ya nuna wadda ke tsakiya kafin ya gane abin da take nufi. Da ya gane sai ya tare gabanta. “Ki rufa mini asiri! Ki dubi nawa hannun, shekara arba'in, ko a kabari haka zai shiga. Naki zai fita a hankali, amma sunan ba zai fita ba.”

“Na sani, Baba. Matsa.”

Ta durƙusa a bakin rijiyar. Ta ga fuskarta a tsakanin kumfa, da sararin sama a bayanta, har ta ji kamar algaitar ɗazu na tashi daga can ƙasan ruwan. Ta ji tausayin kanta ƙwarai, ba ta ɓoye ba, ta yi kukanta mai isarta. Sannan ta tsoma hannu biyu har gwiwar hannu. Ruwan da ɗumi, ya shiga inda fata ta ɗaye ya yi mata zafi kamar barkono. Ta fito da su kore-kore, iska na bugunsu suna rikiɗa shuɗi a gaban idonta. Ta sake tsomawa. Sau bakwai ta yi, har tafin ya koma baƙi ƙirin, babu ɗigon ja ko na ƙwayar gero.

Haka ta ratsa kasuwa, hannuwa a sama, baba na ɗiga a fararen kaya, jama'a na bin ta. A ƙofar zaure ta tsaya cak, taku ɗaya kafin dokin ƙofa. Aka sanar da Sarki, ya sa aka ɗaga labule, manyan gari suka taru a gurguje.

“Allah ya ja zamanin Sarki,” in ji ta. “Baƙuwa ta tafi.”

Galadima ya zabura. “Wannan wasan yara ne, ranka ya daɗe! Jan na nan a ƙarƙashi.”

“Galadima,” in ji Magajiya, ko kallonsa ba ta yi ba, “ka riƙe sarautarka, ka bar mini tawa. Ta ɓata da hannunta, fita ta rushe. Ni na faɗa.”

Sarki Mazadu ya miƙe tsaye. Da hannunsa ya fizge ƙyallen tambari na farko. Kafin rana ta faɗi, sautin tambura ya cika Gurzale har tukwane na amsawa a ɗakuna, Madawaki ya fita ta ƙofar gabas da duk wanda ya iya riƙe mashi.

Labarin yaƙin a bakin masu dawowa Yalwa ta ji shi. Sun ce a rana ta huɗu da hantsi kibiyoyin Barde suka ƙare, mutanensa saura saba'in, suka shiga ruwa da takubba suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Tandakawa suka shigo kogi gaba ɗaya, ba tsari ba 'yan leƙen asiri, don sun sakankance ba mai zuwa. Suna tsakiyar ruwa suka ji tambura daga bayan tudu. An ce wasunsu tsayawa suka yi suna tambayar juna, wai ba an ce tamburan Gurzale na barci ba? Madawaki ya auka musu ta sama da ta ƙasan mashigi, ya datse su gida biyu, dawakinsu suka cije a laka, aka yi ta yi har azahar. Wanda ya tsira daga cikinsu sai wanda ya yar da makami ya bi ruwa. Aka kama jagoransu da rai, kuma bai sha wata wahala ba ya faɗi wanda ya aika musu cewa suna da kwana goma sha biyar. Tun kafin runduna ta iso gida aka tuɓe rawanin Galadima Duna, aka sa shi a mari.

Ranar da suka dawo gari ya fito kaf. Fada ta cika maƙil, ana jiran Barde Tunau a ba shi girmansa a gaban karaga. Yalwa ba ta da wuri a ciki, sai ta zauna a waje, a gindin bango inda masu kawo ƙara ke zama, ta cusa hannuwa cikin mayafi, Iya Marfa na gefenta. Nan ubanta ya hango ta. Ya sauko daga doki da ƙyar, hannunsa na hagu a ɗaure, ya rame kamar ba shi ba. Ya zo ya tsaya a kanta.

“Nuna mini.”

Ta fito da su. Ya daɗe yana kallo.

“Ba na ce kada a ɓata miki rana ba?”

“Ka ce, Baba.”

“To don me? Tun kina rarrafe ba ki da zance sai zauren nan.”

“Na shiga, Baba, na gani, yana da kyau ƙwarai. Amma buzunka kawai nake kallo. Ba zan iya zama a ciki har tsufana ina kallonsa ba kowa a kai ba.”

Barde Tunau, wanda ya tsaya a ruwa da mutum saba'in bai girgiza ba, sai ga shi ya zauna a ƙasa kusa da 'yarsa, ya kama baƙaƙen hannuwan nan da hannunsa mai lafiya, hawaye na bin gemunsa. Shamaki, babban bafaden Sarki, ya fito ya ce Sarki na kira. Bai motsa ba. Ya sake fitowa, ya sake faɗi. A karo na uku Barde ya ɗago kai.

“Ka gaida Zaki, ka ce ban raina kira ba. Amma wadda ta ci yaƙin nan tana waje. Ba ni da fuskar da zan wuce ta in shiga a yi mini kirari.”

Shamaki ya koma jiki a sanyaye. Kowa a filin na jiran ya ga dogarai, don ba a taɓa ƙin kiran Sarki sau uku a Gurzale an kwana lafiya ba. Yalwa ta ƙanƙame hannun ubanta. Can sai labule ya motsa, aka ɗaga shi har sama. Sarki Mazadu ne da kansa, Magajiya na biye, manyan gari na turereniya a bayansu suna kare ido daga rana. Ya tako har gindin bangon, ya dubi Barde, ya dubi yarinyar.

“Al'ada ta hana ta shiga,” in ji shi. “Ba ta hana ni fitowa ba. Shamaki, kawo buzu, a nan za a yi fada yau.”

Aka shimfiɗa, Sarki ya zauna a ƙasa yana fuskantar su. Yalwa ta soma gaisuwa yadda aka koya mata, sai ta kifa kai a kafaɗar ubanta ta fashe da kuka.